Man Ƙaiƙayi a Gwiwar Kaka

"Lafiya lau, Maigida, sai ƙafa," in ji kakar, tana miƙe a kan tabarma, ɗakin na ta warin hayaƙi.

Jikan bai ƙarasa gaisuwar ba, idonsa ya faɗa kan kwalbarsa a gindin gado, ba murfi. Man da ya tatso ne ta hanyar dafa ƙaiƙayin shinkafa. Ya sha wuya kafin ya raba shi da ruwa da tsami, gobe kuma layinsa ne a ɗakin gwaji, za a duba sinadaran da ke ciki. Yanzu ko cokali bai rage ba. Ransa ya ɓaci.

"Tsohuwa, ina man nan?"

"Yana gwiwata. Kuma Allah ya isa, tun safe nake susa."

"Ke ce ma da Allah ya isa? Man inji ne fa! Gwiwarki inji ce?"

"Ta fi injin, ita ta goyi ubanka. Wane mijin kirki ne zai ajiye baƙin abu a ɗakin matarsa ya ƙi faɗa mata?"

"Na ce kar a taɓa."

"Ka ce yara kar su taɓa. Ni yarinya ce?"

"Karambanin akuya, gai da kura. Da guba ce fa?"

"Da ka huta da cefanen da ba ka taɓa yi ba. Tsararrakinka na kawo wa matansu turare, kai ka kawo min zufar ƙaiƙayi. Ashe kallon kitse na yi wa rogo."

"Na sake ki, wallahi."

"Sakin marar ko akuya? Riƙe abinka."

Ya durƙusa zai ɗauki kwalbar, sai ya ga gwiwar ta yi ja, ta tasa. Ya fita, ya dawo da ruwa da sabulu, yana wankewa yana huci.

"A hankali, mugu."

"Gobe me zan kai musu?"

Ta kalli ƙeyarsa. Can ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta jefa masa.

"Karan masarar tumakina na ɗakin baya, kwashe ka dafa wani man da shi. In kuma ba za su jira ka ba," ta fashe da dariya, "ɗauke ni ka kai musu gwiwar su auna."