Teburin Tafiyar Ciyaman

Duk wanda bai san Ciyaman ba, bai san abin da ake kira tsari ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar shugabanci, tun daga takunsa har zuwa yadda yake gyaran murya. A sashen saye-saye na wata ma'aikata ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma a zamaninsa ko tsintsiya ba a taɓa saya ba sai an kafa kwamiti, shi ne kuma a kujerar tsakiya. Daga nan sunan ya bi shi. Ma'aikatar ta sallame shi da agogon bango da takardar yabo, amma ta manta ba ta karɓe sunan ba. Sai ya taho da abinsa gida, ya ci gaba da amfani da shi a kan matarsa da 'ya'yansa.

Da haƙƙinsa na sallama ya fito, ya sayi jif. Ta sha hannu, amma in ka ji yana bayaninta sai ka rantse a gabansa aka ƙera ta. A ranar ya gano cewa ashe shi matafiyi ne. Mutumin da ko aski za shi sai ya tambaya ko hanya lafiya, shi ne yanzu ke zama a ƙofar gida da hula mai igiya da riga mai aljihu ko ta ina, yana ba maƙwabta labarin daji da duwatsun da ya gani a waya.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: maƙwabcinsa Injiniya. Shi wannan bawan Allah, ba tare da ya nemi shawarar kowa ba, yakan kwashi iyalinsa a 'yar motarsa su tafi bakin wani tafki su wuni. Yana da wani ɗan teburi mai naɗewa da ake zurawa a jaka kamar lema. Ciyaman ya ga teburin sau ɗaya, ya yi dariyar tausayi, ya ce wannan ai na yara ne masu wasan girki. Nan take ya gayyaci Injiniya da iyalinsa su fita tare ranar hutu, domin ya ga yadda manya ke cin abinci a waje.

Aka kira taro a falo. Hajiya, matarsa, ta zauna da ƙwaryar wake tana tsinta, 'ya'yansa mata biyu suka zauna suna danna waya. Ciyaman ya buɗe taro, ya gode wa mahalarta, ya karanto sharuɗɗan teburin da ya dace da matsayin gidan. Hajiya ta ce ita dai a ganinta a fara auna but ɗin motar kafin a sayo komai.

"Hajiya," in ji shi, yana murmushin mai haƙuri da jahilci, "ba teburi ke bin mota ba, mota ke bin teburi. Kujerar shugaba ta ji shawararki, ta kuma ajiye ta."

Aka rufe taro da rinjayen ƙuri'a ɗaya, tasa.

Washegari ya dira a wani shagon kayan tafiya. Mai shagon mutum ne mai ido, kallo ɗaya ya yi wa hular da rigar ya miƙe tsaye yana ranka ya daɗe. Ya fara fito da na alminiyam mai naɗewa kamar tabarma. Ciyaman ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya ce abin da ba shi da nauyi ba shi da daraja. Aka kawo na roba mai ninkewa biyu kamar akwati, har da mariƙi. Ya ce a ajiye wa masu sayar da katin waya a bakin titi. Aka nuna masa mai ƙafafun da ake ƙara musu tsawo ko a rage, saboda wurin da ƙasa ba ta daidaita ba.

"Ni ba na zama a inda ƙasa ba ta daidaita ba," in ji Ciyaman. "Kuma teburin da ke sauya tsayi ba shi da aƙida."

Mai shago ya rage murya ya ce akwai wani a sito, amma gaskiya ba kowa yake nuna wa ba. Wani teburi ne na katako mai ƙafafun ƙarfe da ya daɗe a jingine yana tara yanar gizo, irin wanda ake jera kulolin abinci a kai a wajen taro. Yana ninkewa, ba ƙarya, kamar yadda ƙofar gareji ke ninkewa. Sai da mai shago ya kira maƙwabtansa kafin aka fito da shi. Ciyaman ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya dafa shi da hannu biyu kamar zai yi jawabi, ya ji tsayin ya zo masa daidai ƙirji.

"Yallaɓai, ai kamar don kai aka yi shi," in ji mai shago, kuma har zuciyarsa ya faɗa, domin ya daɗe yana jiran irin wannan mutum.

A motar ɗaukar kaya aka kai teburin gida. Wannan kaɗai ya isa ya sa wani ya yi tunani, amma Ciyaman ba ya ɓata tunaninsa a kan ƙananan abubuwa.

Ranar tafiya da safe aka buɗe but. Teburi ya shiga rabi ya tsaya. Aka juya shi ta gefe, ya ƙi. Aka fitar da kujerun zama masu naɗewa, aka fitar da tayar safaya, aka kwantar da kujerun baya, ya matsa kaɗan ya sake tsayawa. Sai da aka kwantar da kujerar mai zaman banza ta gefen direba, kan teburin ya zo ya jingina da gilashin gaba, sannan but ya yarda ya rufe. Aka cusa kulolin abinci a 'yan ramukan da suka rage. Da aka gama, gurbin mutum ɗaya ne ya saura a jif ɗin, na direba.

Ciyaman ya share gumi, ya bayyana wa jama'a cewa dama haka tsarin yake, a manyan tafiye-tafiye kaya daban, tawaga daban. Hajiya ta ɗauki tabarmarta, ta tasa 'ya'yanta, suka matsu a motar Injiniya tare da matarsa. Injiniya, wanda ke da ladabin da ke ƙona rai, har ya tambaya ko akwai wani abin da za a rage masa.

Haka Ciyaman ya ja ayari, shi da teburinsa kafaɗa da kafaɗa. Duk birkin da ya taka sai teburin ya zungure shi a kunne. Madubin gefe ɗaya ba ya ganinsa, sai ya yanke hukuncin cewa babu abin kallo a wannan ɓangaren.

Da aka isa, sai aka tarar daga inda mota ke tsayawa zuwa inuwar bakin ruwa akwai gangara mai ɗan nisa. Injiniya ya rataya jakar teburinsa a kafaɗa. Na Ciyaman kuwa, da ƙyar shi da Injiniya da wasu masu wucewa suka zaro shi, suka buɗe shi a nan gefen titi, bayan teburin ya datse wa mai shi yatsa. Aka ce a gangara da shi, kowa ya duba ƙasa. Ciyaman ya ce ai nan ɗin ma ya fi, domin shugaba a sama yake zama.

Zama kuwa babu, tunda kujeru suna gida. Hajiya ta jera masa kuloli a kan teburin, shinkafa da miya da soyayyun kaji, ta zuba na mutanenta a faranti, ta miƙa masa ludayi.

"Baban yara, ga ofis nan, a yi aiki lafiya," ta ce, ta bi sauran zuwa inuwa.

Daga inda yake tsaye yana hango su. Sun shimfiɗa tabarma, sun kafa ɗan teburin wasan girkin a tsakiya, sun ɗora shayi a kai, suna ta dariya. Shi kuma rana ta miƙe a kansa. Ya gyara hula, ya buɗe kuloli, ya tsaya ƙiƙam a bayan teburinsa da ludayi a hannu, yana jiran duniya ta lura.

Ta kuwa lura. Wata doguwar bas ta rage gudu, ta gangara gefe ta tsaya. Fasinjoji suka sauko suna miƙa, suka nufo shi kai tsaye, har suna rige-rige. Zuciyar Ciyaman ta yi fari. Ya leƙa gangara ya tabbatar Injiniya na kallo, sannan ya yi gyaran muryar nan tasa ta kwamiti.

"Jama'a, na san abin da ya tsayar da ku. Ba kullum ake ganin irin wannan a hanya ba. Katakonsa kaɗai abin a yi darasi ne a kai. Ku matso ku gani, amma a bi layi."

Suka bi layi kuwa, cikin ladabi. Ya yi musu bayanin ƙafafu, ya yi na maƙalai, ya shiga tarihin yadda ya zaɓo shi daga cikin tarkace. Mutanen suka saurara, idanunsu na kan kaji. Can wata dattijuwa da ke gaban layi ta gaji. Ta ɗauki faranti da kanta, ta goge shi da gefen mayafi, ta tura masa har ƙirji.

"Mai abinci, direba ba zai jira mu ba. In ka gama tallar, zuba min shinkafa, ka sa cinya. Kuma don Allah gobe ka nemo benci, wa ke cin abinci a tsaye?"