Rasuwar Zinariya, Injin Rokar Malam Mijinyawa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Mijinyawa, malamin fizik da ke zaune a unguwar Briqueterie, can kudu a babban birni, bayan layin masu tsire, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin ɗalibansa rasuwar Zinariya, injin rokarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi a tsakar gidansa, a cikin turmi, bayan shekara bakwai a hannunsa.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ita dai bututu ce ta alminiyum mai ruwan gwal, tsawonta kamu ɗaya, kaurinta kamar rake mai ƙiba. Wani tsohon ɗalibin Malam da ya tafi karatu waje ne ya aiko da ita don ƙungiyar kimiyya ta makaranta. Ba irin injin nan ba ce da ake kunnawa sau ɗaya a yar. Ita sake cika ta ake yi. A zura mata rigar kwali don kada wuta ta taɓa jikinta, a sa dunƙulen makamashin da ke zuwa a kwalinsa, a shafa wa zobban roba giris, a zaunar da bakin wuta, wato mafitar harshen wuta, a ƙasa, sannan a murɗa murfin sama da na ƙasa da hannu, a hankali. Zobban nan su ne ranta. In ƙwayar yashi ɗaya ko gashi guda ya hau kansu, iskar wuta za ta samu ƙofa, kuma abin da ya kamata ya tashi sama sai ya tarwatse a ƙasa.

Saboda haka Malam, mutumin da bai taɓa ɗauraye kofin shayinsa ba, shi ke yi wa Zinariya wanka bayan kowane tashi. Ya goge toka tun tana da ɗumi, ya bi haƙoran murfinta ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshi, ya ɗaga ta a rana yana neman tsaga. Matarsa Jaratu, mai dakan yaji ga masu tsiren layin, ko tawul ɗin da ake naɗe ta ba a yarda ta taɓa ba, wai hannunta da barkono.

Sau goma sha tara marigayiya ta tashi a wani fili bayan gari, sau goma sha tara ta dawo. Ba ta taɓa gardama ba. Takan ɗan yi tari, sai kuma "fuuuu", ta yaga sama, ta bar farin hayaƙi da yara baki buɗe.

Jinyarta ta fara ne da shekarun nan na tashin hankali. Tun da bam ya fara tashi a Arewa, ɗan Arewa mai gemu da bututun ƙarfe a ɗaki ba ya buƙatar wani laifi. Malam ya rufe ƙungiya, bai bar ko ƙwayar makamashi a gida ba. Jaratu ta roƙe shi ya jefa bututun a masai. Ya ce ƙarfe ne fanko, duk mai hankali zai gane, ya ci gaba da yi mata wanka kowace Lahadi.

Ranar Talatar, jami'an tsaro masu binciken gida-gida suka rufe layin ta kai da gindi. Gidan Mohaman mai gyaran famfo, da ke jikin na Malam, suka fara shiga. Suka samu gutsattsarin bututu, kayan sana'arsa. Ta bayan katanga ana jin yana rantsuwa, ana jin gindin bindiga na sauka, har rantsuwar ta koma nishi. Aka ja shi a ƙasa zuwa mota. Da suka banke ƙofar Malam, mari ɗaya ya watsar da tabaransa. Aka durƙusar da shi fuska ga bango, hannu bisa kai, ƙafar wani a gadon bayansa. A nan ya tuna Zinariya na kan tebur cikin tawul.

Sai ya ji daka. Ba "dum, dum" na taɓaryar itace ba. "Ƙwal, ƙwal."

Tun suna gidan Mohaman, Jaratu ta faɗa ɗaki ta suri Zinariya. Shekara bakwai tana kallo daga bakin ƙofa, ta san yadda ake murɗe murfin ƙasa. Ta cusa shi da bakin wuta cikin buhun ƙuli-ƙuli, ta bar murfin sama a jikin bututun, ta juya shi kai ƙasa, ta tumurmusa shi cikin yaji har gwal ya koma ja, ta hau daka.

Babbansu ya tsaya a kanta. "Madam, mene ne wannan?"

"Taɓarya ce, shef. Ta ƙarfe ta fi cin citta."

"Daka in gani."

Ta daka. Bakin da ta cire wa murfi, wanda yanzu ke sama, kaifi gare shi, ya yanke mata tafin hannu tun a bugu na biyar, ba ta sassauta ba. Ta ƙara barkono da gangan. Jini na gangarowa ta gwiwar hannunta, ƙurar yaji ta turnuƙe tsakar gida, mutanen suka hau tari da atishawa suna zagi. Malam, goshi a bango, yana ƙirga bugun. A na talatin da wani abu ya ji ƙarar ta sauya, ta zama "ƙwas". Kunnensa ya san ma'anarta. Haƙoran murfi sun murƙushe, jiki ya tsage. Aka birkice katifu, aka farke akwatin littattafai, aka ƙara masa shuri a haƙarƙari, suka fita suna share hawaye.

A nan sanarwar ba za ta rufa wa mai makoki asiri ba. Da ya tashi, bai dubi hannun matarsa ba. Turmi ya nufa, ya zaro gawar, ya ce, "Kin kashe ta." Jaratu ta dube shi, ta ce, "Na kashe ta, Malam." Ta yagi gefen zaninta ta ɗaure hannu. Kwana tara bai yi mata magana ba, kuma abin kunya ne.

Rana ta tara aka sako Mohaman. Malam ya je yi masa barka, ya miƙa hannu, Mohaman ya miƙo na hagu. Na daman yana naɗe, yatsu uku sun karye, ba za su ƙara riƙe sufana yadda suka saba ba. "Malam, bututun famfo ne fa kawai," in ji shi. "Kai da sun ga naka, da ba mu sake ganinka ba." Malam ya dawo gida ya zauna a bakin turmi har la'asar.

Marigayiya ta bar gangar roka ta kwalin bandirin shadda, da lemar sauka da wani tela na layin ya ɗinka, da bakin wuta mai ƙamshin ƙuli-ƙuli, da zobban roba uku da ba su taɓa ganin sama ba, da rabin gwangwanin giris. Ta kuma bar mai gidanta a raye, da duka yatsunsa goma.

Liman ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, don haka babu jana'iza, kuma a wannan zamanin kada kowa ya tara jama'a. Ranar Alhamis bayan azahar Malam da kansa zai kai gawar wurin Gali mai zubin tukwane a gefen kasuwar Mokolo. Za a narkar da ita, a ƙara mata tsofaffin murafu, a zuba ƙaramar taɓarya mai santsin mariƙi wadda ba ta yanka hannu.

Masu zuwa ta'aziyya su zo ɗaya ɗaya. Kada su nemi Malam a zaure. Su wuce tsakar gida su fara gai da Jaratu. Shi ma a nan za su same shi, ya naɗe hannun riga, yana dakan yajin masu tsire har hannunta ya warke. In sun ga yana hawaye, su yi masa kara su ce barkono ne.