Jadawalin Zumunci

Shekara guda ina rubuta sunan duk ɗan'uwan da ya tako gidana a Azare. Ranar Sallah na zana jadawali a kwali, na manna a zaure: mai yawan zuwa dogon layi kore, mai ƙyuya guntun ja. Na hakimce ina jiran su ji kunya.

Dangi suka taru gaban kwalin. Sannan yayata Hajiya, da ta zo daga Jama'are, ta dangwala guntun layinta.

"Malam, ina naka? Rabonka da gidana tun sunan 'yata Amina, ga ta har ta sauke Alƙur'ani."

Na yage kwalin. Har yau ina yin sallama gidan dangi sai a ce, "Kawo biro, Malam ya zo!"

Ni ban ga abin dariya ba.