Gwangwanin Biskit Na Iya Delu

Wani ne a Kwarbai, masinja a wani ofis a Kongo, shekarar da naira ta kori fam. Tun da ya fara rungumar fayil yana bin bayan masu kwat, sai ya ga duk abin da aka yi da hannu a cikin birni ƙauyanci ne.

Abu guda ke ci masa rai. Kakar matarsa, Iya Delu, wadda ta riƙe matar tun tana goye, ba ta da zance sai na Jibril, mijin ɗaya jikar tata. Duk sallah Jibril ya kawo alkakin da matarsa ta yi, tsohuwa ta yi ta sa albarka har bakinta ya bushe. Gogan kuwa in ya miƙa nasa, sai ta ce, "To, aje can." Ya rantse bana sai an sa masa albarka a gaban Jibril.

Azumi ya kai ashirin da bakwai, ya tarar da matarsa Barira tana tankaɗe fulawa.

"Me za a yi da wannan?"

"Cincin ɗin gaisuwar Iya mana, Malam."

"Mayar da ita buhu. Bana ba mai suya a gidan nan. Kayan kanti zan kai mata, wanda hannun mutum bai taɓa ba."

"To ƙafa ce ta yi shi?"

"Inji, Barira! Inji! Ke dai ba ki waye ba."

Barira ta karkaɗe rariya ta ce, "Allah ya ba da sa'a."

Ya hau keke sai Sabon Gari. Ya sayo gwangwanin biskit ƙato, da hoton Baturiya da karenta a kan murfi. Ya ɗaure a bayan keke, hoton yana kallon sama. Daga Ƙofar Doka zuwa gida har waɗanda ba ya shiri da su sai da ya tsaya ya gaishe su, don dai a tambaya. Ya kulle gwangwani a akwati, ya rataya mabuɗi a wuya.

Ranar sallah baki ya buɗe. An sauko daga Idi, Barira ta fita rabon tuwo gidajen maƙwabta. Gogan ya jawo akwati.

"Bari in ɗanɗana guda ɗaya, kar in kai wa tsohuwa abin da zai ɓata mata ciki."

Ya ci ɗaya. Ya lumshe ido. Da ya buɗe sai ya ga sahu ya yi giɓi.

"A'a, ba a kai wa manya sahu a karkace."

Ya cire ɗaya-ɗaya daga sauran layuka. Sahu ya daidaita, amma yanzu duk gefe guda ya yi rami. Yana cikin gyara sai takardar ƙasa ta ɗaga, ya hango wani jeri a ƙarƙashi.

"Allahu Akbar! Ashe bene ne!"

Ya share hawan sama kakaf, ai Iya ba ta san da shi ba. Daga nan ya ce ya kamata ya tabbatar na ƙasa ma ɗanɗanonsu ɗaya. Kafin a kira la'asar, ba abin da ya rage sai takarda da Baturiya da karenta suna kallonsa.

Gobe ne gaisuwa, aljihu kuwa sai iska. Ya birkice ɗakin Barira, can ƙarƙashin gado ya ci karo da wata samira mai jan fure, cike da dubulan, yana ƙyalli.

"Ka ji mata! Na hana ta suya, ta yi a ɓoye. Allah ya yi miki albarka, Barira, da rashin jin magana."

Ya jera dubulan a gwangwani sahu-sahu, hawa biyu, ya rufe da takarda, ya goge murfi da bakin rigarsa.

Washegari da hantsi suka isa gidan Iya Delu, shi a gaba, Barira a baya. Tsohuwa na kan tabarma a tsakar gida, Jibril ya riga su, alkakinsa a gabanta.

"A'a, maigidan nawa ne? Me ka rungumo haka kamar mai kai lefe?"

"Daga Ingila, Iya. Wata uku a jirgin ruwa. Ba hayaƙi, ba toka, ba ƙuda. Wannan Baturiyar da kike gani ita ce mai kamfanin."

Jibril ya ce, "Karen fa?"

"Maigadi."

Iya Delu ta ɓalle murfi. Ƙamshin man gyaɗa da kanumfari ya tashi. Barira ta leƙa sau ɗaya, ta cusa mayafi a baki.

Jibril ya ce, "Yaya, wannan ai kamar dubulan."

"Kama ce kawai. Wajensu kuka kwaikwaya."

Tsohuwa ta jawo gwangwanin gabanta. Ta sa yatsa tana tonawa, har ta zaro wani da ya ƙone a gefe guda. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Maigida, Turawan nan suna kiwon akuya?"

"Sosai ma, Iya. Manya-manya, kamar jakai."

"Na ga alama. Don wannan ya ƙone ne lokacin da na tashi korar akuya daga bakin kwaryar fulawa."

Tsohuwa ta ɗaga ƙonannen dubulan ɗin sama.

"Ikon Allah! Ranar jajibere na soya shi a bayan ɗakin nan, na aika wa Barira, yau har ya je Ingila ya dawo. To in ka koma, ka gaishe mini da Baturiyar, ka ce ta dawo mini da samirata."