Kekena, Bawana da Jaka Goma

Salamu alaikum, jama'a. Yau da hantsi ina zaune a kan tabarma a ƙofar gidana a nan Nguru, tare da 'yan majalisarmu, sai na hango kekena ya shawo kwana yana tahowa, ni kuwa ba na kai. Wanda ke kai wani tsoho ne mai rawani, ya ɗaure tsintsiya a bayan keken, yana ta kaɗa ƙararrawa kamar wanda aka aiko da albishir. Tun yanzu ina gaya muku, abin da ya jawo haka ba laifina ba ne. Laifin naira ne, da masu riƙon ta.

Wanda bai san ni ba, ni ne Ajimi. Ban taɓa taka makarantar boko ba. 'Yata Haula, malamar firamare, ita ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na hana ta gyara mini ko kalma ɗaya. Na yi dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa lokacin da gyaɗa ke gyaɗa. Farin da ya kwantar da shanun ƙasar nan bai kwantar da ni ba. Ambaliya ta ci ɗakina sau biyu, sau biyu na sake ginawa da hannuna. Ita kanta nairar na girme ta da shekara ashirin da ɗoriya, a gabana aka haife ta, saboda haka ina da ikon yi mata faɗa.

Tsohon da ke kan keken kuwa Mu'awiya ne, taubashina. Mahaifiyarsa, Gwaggo Meram, ƙanwar babana ce, aure ya kai ta wani gari a Nijar, gaba da Kumagannam. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace. A al'ada ke nan ni ne ubangida, shi ne bawa. Duk watan cika-ciki yakan tsallako da tsintsiyarsa, ya ja ta sau uku a ƙofar gidana, in ba shi kuɗin shara a gaban mutane. Shekara hamsin da wani abu, bai fasa zuwa ba, ban fasa bayarwa ba.

A da, abin daɗi ne. In zaro naira ashirin, takarda ɗaya, in miƙa masa ina kallon wani wajen. Ya koma garinsu ya sayi 'yar akuya, har ya rage na goro. In ya fito da kuɗinsu, sefa, sai in ce ya mayar aljihu kada iska ta ɗauke, ko ya kai wa mai ƙosai ta ƙunsa ƙosai a ciki. Babu sunan da ban sa wa kuɗin nan ba. Duk majalisarmu sun haddace.

To, bara na ba shi naira dubu biyar, 'yan ɗari bibbiyu, ɗauri guda mai kauri. Ya jujjuya, ya shinshina, ya dubi mutane.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin shara ne ko sharar kuɗi na kwashe maka? In na canza a kan hanya, jaka biyu ba za ta cika ba." Jaka, a bakinsu, sefa dubu ke nan. "Sukari da ganyen shayi na mako guda. Kuɗin motar da ta kawo ni ya fi haka."

Na ce, "Bawa ba ya duba kyauta."

Ya ce, "To ga shawara, tunda ga shaidu. Baɗi in abin ya gagara, mu yi musaya. Ni in ba ka kuɗin shara da sefa, kai ka tsallaka garinmu da tsintsiya. Ƙofar gidana ma ta fi taka yashi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa a haƙora ta tsaya. Ni Ajimi, da furfurata, in riƙe tsintsiya a ƙofar ɗan gwaggona? Gara ambaliya ta uku.

Shekara guda na yi ina sa rai ga manyanmu, kuma a gaskiya ba su yi barci ba, Allah ya saka musu. Kullum na kunna rediyo sai in ji wani Mai Girma Uban Alkawari yana cewa naira ta fara farfaɗowa. In sa hula in tafi kasuwa in gaishe ta, sai mai hatsi ya ce mini ba ta iso nan ba tukuna, wataƙila tana hanya. Sai kuma Ranka-ya-daɗe Sarkin Kwamiti ya kwashi mutum talatin suka tafi wata ƙasa mai nisa don su zauna a otal su gano abin da ke damun naira. An ce da kuɗin waccan ƙasar aka biya otal ɗin, don kada a wahalar da mara lafiya. Wannan tausayi ne, kada ku raina. Kuma su wa suka mai da kowane talaka mai dubbai? Ni da na yi dako a kan sule biyu, yau da dubu nake sayen albasa. Tela ma ya ƙara wa aljihun rigata zurfi, ya samu aiki. Ci gaba ke nan.

Da watan cika-ciki ya tsaya, uwargidana Fanne ta same ni ina zagaye tsakar gida.

Ta ce, "Malam, ka ba shi abin da ya sawwaƙa mana. Wasa ne fa."

Na ce, "Ke ba ki san wasa ba. Wasan nan ya girmi aurenmu."

"To ka ba shi bandar kifi, ai ba su da ruwa a can."

"Kifi ba kuɗin shara ba ne. Da irin kuɗinsu zan rufe masa baki."

Ta tsaya da tankaɗen da take yi. "Sefa? Wadda ka ce ta ƙunsa ƙosai?"

Na ce ta rage murya, maƙwabta na da kunne.

Abin da nake da shi mai daraja ɗaya ne, kekena. Shekara arba'in muna tare, ya kai ni gona, ya kai ni Karasuwa zumunci, ya kai Fanne asibiti ranar da za ta haifi Haula. Na tura shi wurin mai facin bakin kasuwa, na ce gwiwa ce ta fara ciwo, likita ya hana ni hawa. Ƙarya nake, gwiwata ta fi ta ɗansa lafiya. Ya ba ni dubu talatin, na juya ban waiwaya ba.

Akwai 'yan canji a Nguru, amma duk sun san bakina. Ta yaya zan tsaya a gabansu in ce a ba ni sefa? Kafin in iso gida labari ya riga ni. Sai na hau mota zuwa Gashua ranar kasuwa, inda ba a san ni sosai ba. A hanya direba ya shiga layin mai, muka yi awa biyu a rana muna addu'a ga waɗanda suka ce layi ya ƙare har abada. Ban ga laifinsu ba. Ba su ce wane layi ba.

A Gashua aka nuna mini wani ɗan canji, Munzali, zaune a kan benci da 'yar jaka a cinya. Na zube masa abin da ya rage bayan na cire kuɗin mota, tuli guda. Ya lissafa yana lasar yatsa, ya buɗe jakarsa, ya zaro takarda ɗaya tal, mai ruwan shuni, ya miƙo mini.

Na ce, "Saura fa?"

Ya ce, "Baba, jaka goma ce cif. Har na yi maka ragi don furfura."

Na ce, "Yaro, keke guda ne fa wannan, da ƙararrawa da famfo."

Nan ne na yi kuskure. Na yi tafiya mai nisa don in ɓoye sirri, amma da ya tambaye ni wane keke, sai baki ya ƙwace. Na ba shi tarihin keken tun daga ranar da na saye shi, na gaya masa wa na sayar wa, na gaya masa akwai wani bawa mai rawani da zai zo daga bayan Kumagannam, wanda zan koya wa hankali. Munzali yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Ikon Allah, Baba." Ashe duk shekara a bencin nan Mu'awiya ke canza kuɗinsa kafin ya hau motar Nguru.

Mu dawo kan yau da hantsi. Mu'awiya ya ja birki a gabanmu, ya sauko da ƙyar, ya jingine keken a bangon da ya saba jingina shekara arba'in. Ya kwance tsintsiya, ya ja sau uku. Kalma ɗaya zai faɗa, in zama abin dariyar Nguru har in mutu. Amma na dake, na sa hannu a aljihu, na zaro takardar nan, na miƙa ina kallon wani wajen kamar da.

'Yan majalisa suka miƙo wuya. Wani ya ce, "Kai! Sefa ce!"

Mu'awiya ya ɗaga ta sama ya duba a rana. Ya ce, "Takarda ɗaya tal, ranka ya daɗe? Bara ko ba ta sayi komai ba, aljihuna ya kumbura, mutanen garinmu sun ga alama. Wannan wa zai san an ba ni?"

Na ce, "Bawa, sai ka manna ta a rawani."

Wani daga cikin majalisa ya nuna keken ya ce, "Wannan ba na Ajimi ba ne?"

Na rufe ido. Sai na ji Mu'awiya yana cewa, "Nasa ne a da. Ubangidana ya aiko mini cewa gwiwa ta hana shi hawa, kuma bana kuɗin sharata zai isa sayen keke, to in sayi nasa kada ya faɗa hannun bare. Ku a garin nan wa ya taɓa ba bawansa kuɗin keke?"

Na buɗe ido na gyara zama, na ce ai ƙaramin abu ne.

Da muka shiga cikin gida Fanne ta kawo tuwo da miyar kifi, sai ya fara.

Ya ce, "Tsohon banza. Jaka goma sha biyu na canza kafin mai facin nan ya sakar mini shi. Ka ba ni goma. Tun da aka fara shara a duniya, ni ne bawan farko da ya yi shara ya yi asara."

Na ce, "Wa ya aike ka?"

"Gwaggonka. Da tana raye ta ji ka sayar da keke saboda bakina, da ta fasa mini kai da muciya."

Fanne ta ce, "Ai ku kun huta, Mu'awiya, kuɗinku na da ƙarfi."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Ya Fanne, ƙarfi gare shi, amma ina yake? Sai in yi wata biyu ban ga mai ruwan shunin nan ba. Tunkiya na sayar kafin in taho. In na tsallako nan, ni attajiri ne na kwana uku: in ci kifin Dagona, in sayi atamfa da magani, ina jin kamar kyauta ake ba ni. In na koma, mai shinkafa ya kalle ni in kalle shi. Sukari sai a cokali. Namu manyan ma kullum suna rediyo suna cewa sauƙi na hanya."

Na ce, "Wataƙila tare suka taso da farfaɗowar naira, motarsu ta tsaya layin mai."

Ya yi dariya har ya ƙware, Fanne ta miƙa masa ruwa. Muka zauna muka jera farashi, shi da jakarsa ni da dubbaina, mudun gero, kwalbar man gyaɗa, kuɗin mota, sabulu. Muka tarar shi yana zuwa kasuwa da kuɗi a tafin hannu ya dawo da kaya a leda ɗaya. Ni ina zuwa da kuɗi a leda in dawo da kaya a tafin hannu. A tsakaninmu mutum ɗaya ne ya ci riba, Munzali, wanda ya yanki nasa a wurina, ya yanki nasa a wurin Mu'awiya, bai ko tashi daga benci ba.

Da la'asar zai tafi gaishe da sauran dangi, ya tsaya a zaure ya dafa sirdin keken.

Ya ce, "Yashin garinmu ba ya son keke. Zan bar shi a nan, ajiya. Ka dinga ɗan hawa kada ya yi tsatsa, in gwiwar ta yarda. Amma ka sani nawa ne, kada in ji an ce ka sayar."

Na ce zan duba, in na samu lokaci. Yana fita na hau na zagaya unguwa sau biyu.

Haula ta ajiye biro yanzun nan tana cewa, "Baba, ka manta jarida ce? Sirrin da aka rufa maka ai kai ne kake tonawa." Na ce ta rubuta kawai. Duk majalisarmu babu mai karanta jarida, kuma ku da kuke karantawa na san ku da riƙon amana, ba kamar Munzali ba.

Saura ku, Masu Girma. Bana na tsira da sarautata, ni ne ubangida har yanzu, ina hawan keken bawana da izininsa. Amma keke ɗaya gare ni, shi ma an hana ni sayarwa, kuma watan cika-ciki ba ya jiran rahoton kwamiti. Kuna da shekara guda ku tashi yarinyar nan naira ta tsaya da ƙafarta. In ta gagara, ku ware kuɗin tsintsiya a kasafin baɗi, ku sayo da yawa. Ni zan nuna muku hanyar Kumagannam, amma ba ni kaɗai zan sunkuya ba.