Rasuwar Mai Jan Baki, Tabarmar Inna Mardiya ta Korgom

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan haushin da har yanzu bai huce ba, Inna Mardiya ta garin Korgom tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Tasawa da Maijirgi da Mayahi, da duk inda wannan takarda ta kai, rasuwar tabarmarta ta kaba wadda aka fi sani da Mai Jan Baki. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, a tsakar ɗakin da ta rayu, bayan jinyar kwana guda. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da shida. Allah Ya ba mai ita haƙurin rashi.

An haifi marigayiya a shekarar da Hashim, ɗan Inna na fari kuma tilo, ya tafi karatu Tasawa. Mu ne muka rubuta sunan nan, ita ba ta faɗarsa. Ɗan fari ne, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tambayarsa yaushe zai dawo. In ta kama dole sai ta ce “mutumin nan”. Ranar da ya tafi, ko ƙofar gida ba ta raka shi ba. Washegari sai ta sa aka yanko mata kaba daga gulbi, ta shanya, ta tsaga, ta rina wasu da karan dafi, ta zauna saƙa. Wata uku ta yi tana saƙa, don hannu ya sami abin yi tunda an hana baki. Kewar ɗanta take yi, kewa mai tsanani, kuma kowa a gidan ya sani, sai dai ba mai faɗa.

Marigayiya ta yi rayuwa ta kamun kai. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ba a taɓa aronta ba, kuma ba a taɓa shanya kuɓewa a kanta ba. Tana naɗe a saman rufin ɗaki cikin tsohon zane, kusa da inda hayaƙin turaren Inna ke taruwa, har jikinta ya kama ƙamshin jiji da sandal. Mutum ɗaya ake sauko da ita dominsa. In ya yi sallama, Inna ba ta cewa ta yi murna. Sai ta miƙe, ta sauko da Mai Jan Baki, ta warware ta. Waɗanda suka san marigayiya za su tuna muryarta: “ƙaras-ƙaras” in ana shimfiɗa ta, da “shaa” in an karkaɗe. Hashim ya san fassarar wannan murya tun yana yaro. Ma'anarta, zauna ka daɗe.

Haka aka yi ta yi har Hashim ya zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Yamai, ya auri Rufaida, 'yar Hajiya Lubna ta Tasawa. Iyalan marigayiya ba su zargin kowa da komai. Suna dai so a sani cewa motar Yamai a Tasawa take tsayawa, kuma gidan Hajiya Lubna yana kusa da tasha, da wutar lantarki, da fanka, da ɗakin baƙi mai katifa. Suna so a sani cewa Hajiya tana kiran ɗan mutane da sunansa gatsau, wani lokaci ma har da “mon fils”, wato ɗana, ita da ba ta taɓa goya shi ba, ba ta taɓa tsayuwa a kansa ba lokacin da fuka ke shaƙe masa ƙirji. Shekara huɗu ke nan Hashim yana sauka a can, abin da a zamanin Inna ko mahaukaci ba ya yi a gidan surukai. Daga nan sai ya hau kabu-kabu ya zo Korgom, ya sha fura a kan marigayiya, ya duba agogo. Mai babur yana jira a ƙofar gida, ko injin ba ya gama hucewa.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga wata magana da aka yi bara a kan marigayiya, tana ji. Hashim ya ajiye ludayi ya ce, ba da wata manufa ba, “Inna, falon Hajiya akwai ƙamshi. Wata buji take kunnawa cikin kwalba, ba hayaƙi ba komai.” Inna ta ce, “To, madalla.” Amma maganar ta shiga, ta sami wuri ta zauna. Shekara guda cur tana juya ta. Ashe turarenta da mata ke aikowa nema tun daga Maijirgi ya zama hayaƙi? Ashe kyandir, abin da ake kunnawa in fitila ta ƙi, shi ne ya ƙwace mata ɗa? Kishi ne, ba wani abu ba, kuma Inna ba ta musu.

Da ya aiko cewa zai zo ranar Alhamis cikin hutun lakwal, sai Inna ta ɗauki mayafi ta nufi wurin wani ɗan koli a kasuwa. Ya nuna mata kyandir jajaye, dogaye, masu ƙamshin da ke bugun hanci tun daga cikin leda. Ba kwalba, ba suna, ba rubutun abin da aka haɗa su da shi. Ta ce, “Hajiya guda take kunnawa, ko? To ba ni huɗu.”

Ranar Laraba da azahar, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa, Inna ta sauko da marigayiya don ta sha ƙamshi kafin baƙonta ya iso. Ta ɗiga narkakken kyandir a kan murafen gwangwani, ta kafa huɗun a tsakiyar tabarma, ta kunna, ta rufe taga da ƙofa don kada ƙamshin ya gudu gidan maƙwabta. Sannan ta tafi surfen gero. Ba wanda ya gaya mata cewa kyandir ɗin kasuwa ba ya jure zafin Korgom. Da ta dawo, ta tarar duk huɗun sun sunkuya kamar masu gaida sarki, wutarsu ta mutu, jan kakinsu ya malale ya shige cikin saƙa, ya daskare.

An yi wa marigayiya magani iri-iri. An fara da wuƙa, wuƙa ta ɗebe na sama ta tsinka kaba biyu. Aka zuba tafasasshen ruwa, kakin ya narke, ya yi tafiya, ya sake daskarewa a inda da lafiya lau ne. Aka goga sabulu da soso, tabon ya yi haske kamar ana yi masa kwalliya. Wata maƙwabciya ta kawo shawarar kalanzir, Allah Ya taimaka Inna ta ƙi, don ta ce ba za ta tarbi mutumin nan da warin fitila ba.

Da safiyar Alhamis dabara ta ƙare, Inna ta danne zuciya ta kira Rufaida a waya. Ta ce, “Wata maƙwabciyata ce buji ta zube mata bisa tabarma. Mi ake yi?” Rufaida ta ce, “Inna, bari in ba ki Mama, ita ta iya wannan.” Kafin Inna ta hana, sai ga muryar Hajiya Lubna, mai sanyi, irin ta wadda fanka ke kaɗawa. Ta ce, “Ai abu mai sauƙi ne. A ɗora takarda a kai, a bi da dutsen guga, amma fa…” Nan Inna ta kashe waya. Ta ji abin da take nema, kuma ba za ta tsaya matar nan ta koyar da ita aikin ɗaki ba. Iyalan marigayiya sun yarda cewa da an saurari abin da ya biyo bayan “amma fa”, da yau ba a rubuta wannan takarda ba.

Ta aro dutsen guga na gawayi a wurin tela. Ta cika shi da garwashi, ta yi masa fifita har ya yi ja, yadda ake yi in za a goge shadda mai sitaci. Ta yago takardu daga tsohon littafin lakwal, ta shimfiɗa a kan tabon, ta yi bisimilla, ta danna da ƙarfinta duka. Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce “tsuuu”. Busasshiyar kaba ta shekara ashirin da shida, ga kaki, ga takarda: garin neman gira aka rasa ido. Inna ta kwara ruwan randa, wuta ta mutu, amma ta bar rami a tsakiya wanda babbar ƙwarya za ta zauna a ciki, daidai wurin da Hashim ke zama.

Ana cikin haka aka ji babur a ƙofar gida. Hashim ya yi sallama ya ɗaga labule, hayaƙin kaba da na jan kyandir suka tarbe shi gaba ɗaya. Ya ja numfashi sau ɗaya, ƙirjinsa ya kama kukan nan da Inna ta sani tun yana goye. Ya dafa bango ya durƙusa yana tari. Masu iya magana sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to ranar an ga haka a Korgom. Inna ta yar da dutsen guga, ta ƙwala kira da muryar da aka ji har gida na uku: “Hashim! Hashim, hito waje!” Ta kama shi ta ja shi gindin dalbejiya, tana yi masa fifita da bakin zane, tana kiran sunan tana maimaitawa, kamar mai biyan bashin shekara talatin da takwas.

Da numfashi ya dawo, ya dube ta ya daɗe. Ya ce, “Inna, mi ya kai ki?” Ta kau da kai ta ce, “Kai ka ce ɗakin Hajiya na ƙamshi.” Sai ya miƙe. Ya shiga ya fito da marigayiya tana ɗigar ruwa, ya shimfiɗa ta a rana, ya shafa jan bakin nan da yatsa. Sannan ya fita ƙofar gida ya sallami mai babur, ya ce ya koma Tasawa shi kaɗai.

Marigayiya ta rasu ta bar aminiyarta ƙwaryar fura da ludayinta, da tsohon zanen da ake naɗe ta ciki, wanda yanzu ke rataye ba aiki. Ta bar abokin zamanta kaskon turare, wanda aka yi wa wulaƙanci na kwana biyu, kuma an riga an ba shi haƙuri. Ta bar jan bakinta guda huɗu lafiya lau, wuta ba ta taɓa su ba. Ba ta bar ƙanwa ba, don idon Inna ya daina ganin tsagar kaba.

Cikin waɗanda suka zo ta'aziyya har da Hajiya Lubna, cikin mota, da sabuwar tabarmar roba a leda. Ta ƙarasa maganar da aka katse mata. Ta ce, “Ai da kin tsaya, Inna. Ɗumi kawai ake so, wanda tafin hannu zai jure. A bari kakin ya daskare, a kankare da bayan cokali, sannan takarda ta tsotse sauran, ana canza ta.” Ta ƙara da cewa tata bujin ta kakin zuma ce, cikin kwalba, a kan faranti, taga a buɗe, kuma ba ta kunna ta in Hashim na falon, saboda ƙirjinsa. Inna ta yi godiya kamar yadda ya kamata. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk maganar gaskiya ce, har da sanin ƙirjin. An karɓi tabarmar roba, an ba kaji suna kwana a kai.

Don haka iyalai suna roƙon jama'a: wanda zai sayi abin ƙamshi ya san da me aka yi shi, ya guji mai bugun hanci da baƙin hayaƙi, kada ya kafa wuta a kan shimfiɗa, kada ya rufe taga, kuma in ya kira neman shawara ya saurara har ƙarshe, ko da mai ba da shawarar ba ta yi masa ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce babu salla a kan tabarma, ya kuma roƙi a daina tambayarsa. Saboda haka an yanke wurin da ya ƙone, an binne shi a gindin dalbejiya ranar Juma'a bayan la'asar. Abin da ya rage an raba shi biyu, tela ya ɗinke bakin. Rabi zai tafi Yamai cikin jakar Hashim. Rabi ya koma saman rufin ɗaki, kuma Inna ta auna da idonta ta ce zai ɗauki mutum ɗaya in ya tanƙwashe ƙafa.

Ana zaman makoki a gidan Inna har kwana uku. Babban magajin marigayiya yana nan yana karɓar gaisuwa, kuma a Korgom yake kwana, ba fanka, ba katifa, karo na farko cikin shekara huɗu. Ya so a tsaya a sadakar uku. Inna ta ce marigayiya ba 'yar tsintuwa ba ce, sai an yi mata ta bakwai, an yi ta arba'in, an kuma riƙa tunawa da ita duk hutun lakwal. Masu zuwa daga Yamai su sani ba a sauka a Tasawa, kai tsaye ake wucewa. Ta ce a rubuta wannan da manyan baƙaƙe, kuma a sa sunan wanda ake nufi. Da muka tambaye ta wane suna, ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa, ta faɗe shi da bakinta.