Ranar da na ba rijiyar shuni umarni

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da mahaifina ya tafi Hajji ya bar mini marinarmu ta Ƙofar Jatau ba. Zamanin mulkin soja ne, na dawo daga kwas ɗin wata uku kan sarrafa kasuwanci, kaina ya kumbura kamar an hura balan-balan. Abin da na riƙe daga karatun duka shi ne shugaba ba ya jan ƙafa, yanke hukunci yake yi.

Ran farko na rataye allo na rubuta jadawali: Litinin a haɗa shuni, Laraba a tsoma kaya, Alhamis a miƙa wa mai su. (Duk marinan babu mai karanta boko, amma wannan bai dame ni ba.)

Kayan farko na Alhaji Sule ne, wani falke daga Ƙofar Galadima da ya fi shekara ashirin yana kawo mana rini. Mahaifina kafin ya tafi ya ja mini kunne: ko me zan ɓata, kar in ɓata da mutumin nan.

Ranar Laraba Kawu Tanko, dattijon marinanmu, ya ɗebi ruwan rijiya ya shinshina, ya girgiza kai.

"Ɗana, shunin nan bai nuna ba. Sai an ƙara masa kwana uku."

Na ce, "Kawu, jadawali ya ce yau. A tsoma!"

Ya ce, "To, Manaja."

Na koma gida ina jin kaina gwamna.

Washegari muka shigo tare da Alhaji Sule. Can na hango wani abu a shanye kan igiya, toka-toka, dabbare-dabbare kamar zabuwa. Na ɗauka kayan Alhaji Sule ne. Ban san lokacin da na zube gabansa ba, gwiwa cikin laka, ina cewa, "Alhaji ka yi wa Allah ka rufa mini asiri, kar mahaifina ya ji!"

Mutumin ya saki baki yana kallona.

Sai Kawu Tanko ya yi gyaran murya. "Manaja, tashi. Ai rigarka ce, farar nan da ka mance a rumfa jiya. Ka ce a tsoma, ba ka ce kayan wa ba. Na Alhaji suna nan a kwando ko ruwa bai taɓa su ba."

Marina ta kaure da dariya, har masu bugun rinannun kaya na maƙwabta suka ajiye aiki suka leƙo. Kunya kamar in nutse, amma wallahi daɗin da na ji ya fi kunyar yawa. Alhaji Sule ya share hawayen dariya ya ce zai dawo Lahadi, kuma ya dawo ya karɓi kayansa suna sheƙi.

Har yau ina yanke hukunci da sauri, ban daina ba. Sai dai kafin in buɗe baki, nakan fara tambayar wanda hannunsa ya rine.